Muna so mu tara wa abokinmu kuɗin aikin ƙafa, ta ina za mu fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Abokinmu ne ya yi hatsarin babur shekarun baya, ƙashin cinyarsa ya karye, aka kai shi wurin mai ɗori. Har yau ƙafar ba ta koma daidai ba, kullum cikin ciwo da shan magani, wani lokacin wurin har ruwa yake fitarwa. Yanzu an ce sai an yi masa aiki. Mu 'yan majalisarsu muna so mu tara kuɗin. Ta ina za mu fara? Daga wani mai karatu a Kurna.

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya saka muku da alheri, shi kuma Ya tashi kafaɗunsa.

Kada ku karɓi ko sisin kowa tukuna. Mutum biyu su raka shi wurin likitan ƙashi, a Asibitin Ƙashi na Dala ko Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, su fito da ƙiyasin kuɗi a rubuce, da hatimin asibiti. Dalilina shi ne ruwan nan da ka ambata. Tsohuwar karaya mai fitar da ruwa tana nuna wataƙila ƙwayoyin cuta sun zauna a cikin ƙashin, irin wannan kuwa sau da yawa ba a gama shi a shiga tiyata sau ɗaya. A kan fara kankare mataccen ƙashi, a ɗora mutum kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na makonni, galibi wajen 6, sai wuri ya yi kyau sannan a sa ƙarfen da zai riƙe ƙashin. Idan kuɗin shigar farko kaɗai kuka shelanta, ranar da kuka dawo neman na biyu za a fara kallon ku da wani ido, alhali ba ku ci na kowa ba.

Don haka ku tambayi likitan ƙarara: aiki nawa ne? Kuɗin ƙarfe yana cikin ƙiyasin? Yawancin ƙarafan daga waje ake shigo da su, farashinsu na bin dala, ƙiyasin da ya kwana wata uku sai an sabunta shi. Ku kuma tambaya me aikin zai gyara. Ciwon da ya shekara yana cin mutum ba lallai ya ɗauke gaba ɗaya ba ko da ƙashi ya haɗe, gara shi da ku ku ji wannan tun yanzu.

Abin da masu tara kuɗi suka fi mantawa shi ne bayan sallama: wankin ciwo, hoton ƙashi, sanduna, zuwa gashin ƙashi, kuɗin adaidaita, da cefanen gidansa na watannin da ba zai fita nema ba. Ku sa su a lissafi. Jini kuwa, majalisa guda ta samari ai ba ta rasa masu bayarwa ba.

Kuɗin kada su zauna a asusun mutum ɗaya, komai amanarsa. A buɗe wanda sai mutum biyu sun sa hannu, a riƙa biya kai tsaye ta hanyar da asibitin ya tsara, a ɗauki hoton kowane rasit a tura zaurenku na WhatsApp. Wanda ya ce "zan turo in sha Allahu" ku gode masa, amma kada ku rubuta shi sai kuɗi ya shigo.

Wurin nema ku fara da na kusa: dangi, ƙungiyar sana'arsa, sai masallacin unguwa da sanin liman da mai unguwa. Zakka ma hanya ce, domin aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa fakirai da miskinai da waɗanda bashi ya danne, kuma akwai masu fitarwa a kasuwannin Kwari da Singa da suka fi son su ga takardar asibiti da idonsu. Ku rubuta wa Hukumar Zakka da Hubusi ta jiha, ku leƙa sashen jin ƙai na asibitin, in kuma yana da rajista da hukumar taimakekeniyar lafiya ta jihar Kano (KSCHMA) ko ta inshorar lafiya ta ƙasa (NHIA) a bincika abin da za su ɗauka. Rediyo da Facebook su zo daga baya. GoFundMe kuwa, shafin tara gudummawa ta intanet, ba a buɗe shi da asusun bankin Najeriya, sai kuna da amintacce a Ingila ko Amurka.

Kafin sunansa ko hotonsa ya fita, ku nemi yardarsa da ta iyalinsa. Ni ban ga amfanin yaɗa hoton ciwo a buɗe ba. Magidanci ne, zai warke ya ci gaba da zama cikin mutanen nan.

Kafin ranar aikin, ya tattara duk magungunan da yake sha a leda ya nuna wa likita, har da na kemis. Diclofenac na tsawon lokaci yana taɓa ciki da ƙoda, tramadol kuma jiki na sabawa da shi, likitan da zai sa shi barci lokacin aikin yana buƙatar sanin wannan. In yana shan sigari ya ajiye tun yanzu, domin tana jinkirta haɗewar ƙashi.