Ciyawar kachala ta cinye mana fadama, wai me 'yan binciken nan suke yi ne?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ni manomin shinkafa ne a yankin Guri, jihar Jigawa. Wallahi kachala ta gama da mu, gonar da babanmu ya noma yanzu ko kwalekwale ba ya ratsa ta, mu sare mu banka wuta ta sake tsirowa, ga tsuntsayen jan-baki sun mai da ita gida suna cinye ɗan abin da muka samu. Kullum sai ka ga 'yan jami'a sun zo da littafi da kyamara sun tafi. Wai suna da wani amfani kuwa? Daga wani manomi a Guri.

AMSA: Wa alaikumus salam, Allah ya kawo sauƙi. Suna da amfani mana, ai su suka gano cewa ƙonawar nan wahalar banza ce. Ran kachala a saiwa yake, cikin taɓo, kuma ta cikin karan take shaƙar iska. In ka ƙone sama saiwar ko a jikinta. Amma in ka sare ta a ƙarƙashin ruwa, ruwan ya rufe kututturen na wasu makonni, sai ta shaƙe ta ruɓe.

To amma fa nan gizo ke saƙa, wa ke riƙe da ruwan? Da can kogin Haɗejia yana ƙafewa da rani, kachala ba ta samun wurin zama. Tun da aka gina dam ɗin Tiga a 1974, aka ƙara da na Challawa a 1992, ruwa ke gudu rani da damina, taɓo ya taru, ita kuwa abin nema ya samu, har ta toshe hanyoyin ruwa irin su Marma mai zuwa Nguru. Kenan in kun yi gayya kun sare, masu sakin ruwa ba su san da zancen ba, ruwa ya janye kututture ya leƙo, aikinku ya tashi a banza.

A ƙarƙashin TRIMING, shirin inganta noman rani na Bankin Duniya, masana daga jami'ar Gashuwa da Sifen da Amurka sun gwada yin iskar gas ta girki da abincin dabbobi da ita, a Senegal ma gawayi ake yi. Ni dai ban ɗauki wannan a matsayin magani ba, rage zafi ne.

Don haka in sun dawo kar ku tsaya kallo. Ku haɗa kai da masunta da Fulani da mai gari, ku nuna musu inda ruwa yake bi a da, wannan ku kuka sani ba su ba, sannan ku ce su raka ku wajen hukumar kogin Haɗejia-Jama'are, mai kula da dam-dam ɗin, a tsayar da lokacin sara da na sakin ruwa.