Layukan dogo da suka haɗu a Zariya

Malam, ka tambaya ko da gaske ne an taɓa samun jirgin ƙasa daga Zariya zuwa Jos, da kuma inda layukan tashar Sabon Gari suka nufa. Gaskiya ne, ba labarin kanzon kurege ba ne.

Babban layin shi ne wanda ya taso daga Baro, garin da ke bakin Kogin Kwara, ya ratsa Kaduna da Zariya, ya isa Kano a 1911. Daga baya aka haɗa shi da na Legas. Daga Zariya kuma reshe biyu suka fita. Ɗaya ya bi Funtuwa da Gusau har Ƙaura Namoda, an gama shi a 1929, mafi yawan kayansa gyaɗa ce da auduga.

Na Jos ɗin ne ya fi ba da sha'awa. Turawa sun shimfiɗa shi don kwaso kuza daga tsaunin Jos, ya bi ta Soba da Dutsen Wai da Rahama, ya kai Bukuru, kusa da Jos, a 1914. Siriri ne ƙwarai, tsakanin ƙarafunsa ƙafa biyu da rabi kawai, babban layin kuwa ƙafa uku da rabi, don haka dole a sauke kaya a Zariya a sake loda su a wani tarago. Wahalar nan ta sa da layin Kafanchan ya isa Jos a 1927, kasuwar siririn layin ta fara mutuwa, aka rufe shi a 1957.

Sabon layin Kaduna zuwa Kano da aka ƙaddamar da aikin gina shi a 2021 shi ma ta Zariya zai bi, amma faɗinsa daban ne, irin na layin da ya tashi daga Rigasa a Kaduna zuwa Idu a Abuja.