Fijo 504 ko Golf 3: wacce zan saya?

Tambaya: Assalamu alaikum. An yi mini tayin motoci biyu kusan farashi ɗaya, Fijo 504 haɗin Kaduna da Golf 3. Zirga-zirgata tsakanin Daura da Katsina ce, sai gona da damina. Wacce ta fi?
Daga wani mai karatu a Daura

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Motocin nan ba tsarar juna ba ne. Fijo 504 ta fito a Faransa a 1968, kamfanin PAN na Kaduna ya fara haɗa motoci a 1975. Golf 3 kuwa 'yar Jamus ce ta 1991.

Fijo da ƙafar baya take ja, tana da tsayi daga ƙasa, ga juriyar kaya a hanyar burji. Kafireta gare ta, kuma injinta sarƙa yake amfani da ita wajen tayimin (daidaita lokacin buɗewa da rufewar bawul), ba bel ba, don haka kowane bakanike a Mashi ko Mani zai taɓa ta. Laifinta shan mai da tsufa. Kafin ka biya, buɗe murfin lagireto da sanyin safiya ka tada injin. In ruwan yana kumfa, ko baƙin mai ya koma kamar koko, gaskit ya ƙone ko ruwa na zurarewa ta gindin silinda. Ɗaga tabarmar ƙasa kuma ka duba tsatsa, domin fenti yana rufa asiri.

Golf da ƙafar gaba take ja, injekta ce, ta fi sauƙin mai nesa ba kusa ba. Amma ba ta yafe sakaci. Bel ɗin tayimin a canza shi tun kusan kilomita 60,000, tare da boris ɗin da ke ɗaure shi. Famfon mai yana cikin tanki, man ne ke sanyaya shi, saboda haka kada ka saba yawo da ƙasa da kwatar tanki. Ka karya sitiyari har ƙarshe ka ja a hankali: in ka ji ƙas-ƙas, robar shaf ta yage, yashi ya cinye gaɓar. Ka tabbata fanka tana tashi da kanta in injin ya yi zafi. Masu haɗa ta kai tsaye da makulli sau da yawa wata cuta suke ɓoyewa.

Tunda yawancin tafiyarka kan kwalta ce, Golf za ka ɗauka, kayan gyaranta ma sun fi samuwa yanzu. Sai dai in hanyar gonar tana da kwazazzabai kuma buhuna za ka riƙa lodawa, to nan Fijo ce, muddin ta tsallake gwajin lagireton nan.