Ko ya dace mu sa hannu don ceton namun daji?

Malam, ka tambaya ko ya dace ɗan Adam ya sa hannu don namun daji su rayu, ko a bar su da halinsu. A ganina, in mu muka jawo musu halaka, gyaran ya zama wajibi a kanmu.

Dubi raƙuman dawa na Kure, kusa da Yamai. A 1996 guda 49 kacal suka rage, kuma babu irinsu a wani daji a duniya. Farauta ce ta ƙarar da su, da fari, da saran itacen da ake kaiwa birni, da gonakin da suka cinye daji. Da aka hana harbinsu, aka kuma jawo mutanen ƙauyuka cikin aikin kare su ta hanyar samar musu da rijiyoyi da ƙananan rance, sai ga su sun haura 600. A 2018 ma an ɗauki takwas a mota zuwa gandun dajin Gadabeji, don kada annoba ɗaya ta shafe su duka.

Barewar da kura ta kama kam a ƙyale, abincinta ke nan. Abin da ke damuna shi ne manomin da raƙumin dawa ya cinye masa wake da dare. A biya shi diyya, in ba haka ba gobe shi zai ɗana tarko.