Hukuncin Ba Wa Wani Lambar Sirrin Intanet Ɗin Jami'a

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni ɗalibi ne a wata jami'ar tarayya. Da aka ba mu lambar sirri ta shiga intanet ɗin makaranta, mun danna amincewa da sharuɗɗa, ciki har da hana ba wa wani lambar. Ƙanena ba ɗalibi ba ne, amma na ba shi yana amfani da ita, tunda na biya kuɗin intanet cikin kuɗin rajista. Ina kuma kunna VPN, wato manhajar da ke ɓoye inda mutum ke shiga a intanet, don buɗe shafukan da aka toshe. Akwai laifi?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗana, danna amincewar nan alƙawari ne, ko ka karanta ko ba ka karanta ba. Allah ya buɗe Suratul Ma'ida da umarnin cika alƙawura, Annabi (SAW) kuma ya ce Musulmi suna kan sharuɗɗansu, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Sharaɗin da ake watsarwa shi ne wanda ya halatta haram ko ya haramta halal, wannan kuwa bai yi ko ɗaya ba.

Hujjarka ta cewa ka biya kuɗi ita ce ke ruɗar ɗalibai da yawa, don haka bari mu tsaya a kanta. Imam Al-Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya bambance abu biyu a littafinsa Al-Furuƙ. Akwai mallakar amfanin abu, kamar mai hayar gida, wanda zai iya zama ko ya zaunar da wani. Akwai kuma izinin amfana kawai, kuma misalin da ya kawo shi ne ɗakin kwanan ɗalibai a makaranta: ɗalibi zai zauna da kansa, amma ba shi da ikon ba da shi haya. Lambarka daga kashi na biyu take. Da sunanka aka yanka ta, don karatunka, kuma jami'a ta faɗa ƙarara. Saboda haka miƙa wa ƙanenka ita bai halatta ba. In ya zo wurinka ka ara masa wayarka ya duba wani abu a gabanka, wannan da sauƙi, kamar baƙon da ya yini a ɗakinka ne.

Kada kuma a ce ai kayan gwamnati ne. Dukiyar jama'a ta fi nauyi, domin masu haƙƙi a cikinta ba su ƙirguwa. Ɗaliba tana can tana fama da sauke takardar bincike, layi ya cushe saboda wanda ba shi da rabo a ciki. Ga shi duk abin da ƙanen naka ya aikata, da sunanka zai fito, kuma dokar laifukan intanet ta Najeriya ta 2015 ta hukunta shiga na'ura ba da izini ba.

Shi VPN a kan kansa ba haram ba ne. Amma kunna shi don tsallake katangar da ka yarda da ita saɓa alƙawari ne, in shafin na batsa ne ko caca kuwa, laifi ya zama biyu. Idan shafin ilimi ne aka toshe bisa kuskure, ka je ofishin kula da intanet ka nemi a buɗe. Sauraron wa'azi ko kiran iyaye ta WhatsApp babu laifi matuƙar ba a hana ba, don al'ada ta gudana a kan haka.

Ka canza lambar yau, ka yi istigfari, ka saya wa ƙanenka data in kana da hali.

Wallahu a'alam.