Amsa: Me ya hana del Toro yin At the Mountains of Madness?

Ɗan'uwa, ka tambaya ko rashin kyawun labari ne ya kashe wannan fim na darakta Guillermo del Toro. A'a, kuɗi ne da matakin tantance shekarun masu kallo.

Tun 2006 shi da Matthew Robbins suka rubuta shi daga labarin marubucin ban tsoro H. P. Lovecraft, na masu binciken da suka tono wani tsohon birni a ƙanƙarar Antatika. A 2010 kamfanin fina-finai na Universal ya karɓa: James Cameron furodusa, Tom Cruise jarumi, za a ɗauka da 3D, kasafi kusan dala miliyan 150.

Inda gizo ke saƙa shi ne matakin R, wanda del Toro ya so fim ɗin ya fita da shi. A Amurka wanda bai kai shekara 17 ba ba ya shiga kallon fim mai R sai da babba, matasa kuwa su ke cika sinima. Tunda masu sinima na ɗaukar kusan rabin kuɗin tikiti, ga kuma kuɗin talla, sai fim ya tara ninki biyu ko fiye na kasafinsa kafin a ga riba. Kamfanin ya nemi a sassauta zuwa PG-13, matakin da matasa ke iya shiga su kaɗai, del Toro kuma ya ƙi a rage tsoron. A Maris 2011 aka janye, ya koma wani fim, Pacific Rim.

Ni dai ina ganin ya yi daidai, ko da yake abin da ciwo. A 2022 ya saki ɗan gwajin bidiyon fim ɗin da ILM, kamfanin haɗa hotunan fim da kwamfuta, suka yi: mutum a cikin ƙanƙara, wata halitta ta buɗe jikinta ta cafke shi. Ko minti ɗaya bai kai ba, amma yana tada tsikar jiki.