In aka yi wa shafi kutse, za su ga kalmar sirrina?

Ɗan'uwa tambayarka kenan, to ya danganta da shafin. Masu hankali ba sa ajiye kalmar sirrinka yadda ka rubuta ta, suna bi da ita ta wani lissafi kamar bcrypt ya dagula ta, kuma ba a juya shi baya, sai dai ɓarawo ya yi ta cinke. Amma wasu sakaci gare su wallahi, wani kamfanin intanet mai suna RockYou a 2009 haka suka bar kalmomi sama da miliyan 32 a fili, aka kwashe.

Abin da ya fi damuna shi ne kalma ɗaya a Gmail da Facebook da banki, in ɗaya ta fita shikenan. Ka bambanta su, ka tsawaita, banda lambar wayarka don Allah.